Yarona yana kusan awa ɗaya a wajen alwala, don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, abin nan ya daɗe yana cina na rasa wanda zan faɗa wa a gida don kowa da irin fassarar da yake yi masa. Yarona ne na fari shekararsa 11, yaro ne mai hankali wlh ba don ɗana ba ne, ko a Islamiyya malamansa suna yabonsa. To tun wajen azumin bara ya fara daɗewa a alwala, da farko ma daɗi muka ji muka ce yaro ya kama addini, amma yanzu abin ya kai ya ƙarar da buta uku huɗu a alwala ɗaya, ya wanke hannu ya zo fuska sai ya ce bai tabbata ya yi niyya ba ya koma farko, in ya kai ƙafa ya ce kamar ruwa bai taɓa gwiwar hannunsa ba ya sake komawa. Jiya na duba agogo minti 50 ya yi a bakin rariya, har aka idar da Magariba a masallacin layinmu yana tsugune. In ya tayar da sallar ma kabbarar harama sai ya yi ta sau bakwai sau takwas. Hannuwansa duk sun tsattsage ga hunturun nan. Tabarmar da ƙanwarsa ta taɓa yin fitsari a kai tun watanni, an wanke an shanya, har yau ba ya taka ta, in rigarsa ta goge ta sai ya cire. Sannan ga tambaya, Umma kin tabbata babu najasa a wandona? in ce babu, bayan minti biyu ya dawo, a yini sai ya tambaye ni ya fi sau ashirin. Babansa ya yi faɗa ya gaji har ya taɓa zane shi, kakarsa ta ce iska ce, an yi rukiyya sau biyu babu abin da ya yi magana. Abin da ya sa na rubuto, shekaranjiya da dare na same shi yana kuka ya ce Umma ni ma na gaji, na san ba daidai ba ne amma in ban sake ba ji nake kamar zan mutu.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam, wayyo Allah sarki yaro. Allah ya ba shi lafiya Maman Abba. Ki dage masa da azkar na safe da yamma, Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu kafin barci ki tofa ki shafa masa, in sha Allah zai wuce.

Ɗan Fagge:
Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaran yanzu shagwaɓa ta yi musu yawa. Mu lokacinmu wa ya ba ka buta huɗu, ruwan da sai an saya wajen 'yan garuwa? A auna masa rabin buta a tsaya a kansa da bulala kwana uku ki ga in bai daina ba.

Sista Nas:
A'a Ɗan Fagge don girman Allah kar ka ba ta wannan shawarar, ba ka ji ta ce babansa ya riga ya dake shi ba kuma abin bai daina ba? Yaron da ke kuka cikin dare yana cewa ya gaji ai ba daɗin abin yake ji ba. Maman Abba ni nas ce, shekarata tara a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, duk abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon da ake kira OCD, mu dai da Hausa ciwon waswasi muke cewa da marasa lafiya. Abu biyu ne a haɗe. Akwai tunanin da ke faɗo wa yaro ba da sonsa ba ya tsaya masa a rai kamar ƙaya, misali alwalata ba ta yi ba, sai tsoro ya kama shi. Sai kuma abin da yake yi don tsoron ya sauka, wato sake alwalar ko tambayarki. Da ya yi sai ya ɗan samu sauƙi na minti kaɗan, to wannan ɗan sauƙin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gobe ma sai an yi, haka abin ke ta girma. Ba zan ce tabbas shi ne ba sai likita ya gan shi, amma ki kai shi.

Ɗan Fagge:
Sista ni fa ban ƙi taki ba, amma komai yanzu sai an sa masa sunan Turanci a ce ciwo ne. Wannan ai cutar 'ya'yan masu kuɗi ce da Turawa.

Maman Biyu:
Ni na ɗauka OCD masu son tsafta da jera kaya ne kawai. To yanzu kun sa ni fargaba, tawa 'yar shekara 3 in ba a kofinta ja aka ba ta shayi ba ba za ta sha ba, takalmanta ma sai ta jera su a waje ɗaya kullum, ita ma shi ne?

Dakta:
Salam jama'a, Sista ce ta jawo ni nan. Maman Biyu kwantar da hankalinki, yara 'yan shekara biyu zuwa biyar haka suke, suna son komai ya tafi yadda suka saba, kuma daɗi suke ji da shi, da sun girma ya wuce. Abin da muke dubawa shi ne, yana wahalar da yaron? yana cin lokacinsa kamar sama da awa ɗaya a yini? ya hana shi makaranta ko wasa ko barci? Na Maman Abba duk ukun sun cika.

Ɗan Fagge, ba ruwan ciwon nan da kuɗi ko launin fata, duk inda aka yi bincike a duniya an same shi, kusan yaro 1 zuwa 2 a cikin 100. Lissafa makarantar firamare ta gwamnati mai ɗalibai 1000 ka ga mutum nawa ke nan. A yara ya fi farawa tsakanin shekara 8 zuwa 12, kuma a wannan shekarun maza sun ɗan fi yawa, sai a wajen balaga mata su kamo su. Yana bin jini sosai musamman wanda ya fara tun yarinta, shi ya sa nake tambayar iyaye ko akwai wani a dangi, sau da yawa sai an yi shiru can uwa ta ce ai kawunsa ma haka yake da wanka. Akwai wata hanyar saƙo a ƙwaƙwalwa tsakanin gaban goshi da can ciki, aikinta ta ce maka akwai matsala, in ka gyara ta ce shi ke nan an gama. A mai wannan ciwo saƙon an gama ɗin ne ba ya isowa.

Abin da na fi so mutane su gane, ciwon ba kama ɗaya gare shi ba. Abin da yaro ya fi ɗauka da muhimmanci nan yake kamawa. Yaron da ya taso a gidan da salla ce gaba da komai, a alwala da tsarki zai kama shi, yaron Kirista a addu'arsa da tsoron zunubi, wani a tsoron ƙwayar cuta, lokacin korona mun ga waɗanda suka wanke hannu har fata ta saɓule. Wani kuma ɗakinsa kaca-kaca, ko wanka sai an yi da gaske, amma ciwon na nan a cikin kansa yana ƙirge yana maimaita kalmomi ba wanda ya sani.

Anti Malama:
Dakta wlh ka tuna min wata ɗalibata a aji huɗu, har yanzu abin yana damuna. Yarinya ce mai ƙoƙari amma ba ta taɓa gama kwafar rubutun allo ba, ta rubuta harafi ta goge ta sake ta goge har takardar ta huje, ta yage shafin ta faro daga kwanan wata. Ranar jarabawa kowa ya miƙa ita tana tambaya ta biyu. Na tambaye ta me kike tsoro, ta ce ba ta tsoron komai, kawai harafin bai zauna ba, in ta bar shi haka jikinta ba ya mata daɗi. Karatu ma in ta kai ƙarshen layi sai ta koma farkonsa wai kamar ta tsallake kalma. Mu duka a ofishin malamai mun yanke cewa nawa ce da ita, har na sha hana ta fita tara don ta ƙarasa. Allah ya yafe min, da na san haka ne da iyayenta zan kira.

Dakta:
Anti Malama wannan nau'i ne sananne, kuma ya fi yawa a ƙananan yara. Babu wani bala'i da suke tsoro, ji ne kawai na abu bai daidaita ba, in ya taɓa abu da hannun dama sai ya taɓa da hagu, igiyar takalmi sai ta zo daidai, safa sai an cire an sake sawa. Irin wannan yakan zo tare da ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa ko ɗaga kafaɗa ko gyaran murya da yaro ba ya iya tsayarwa. A makarantar hadda ma a lura, yaron da ke maimaita aya ɗaya sau talatin wai harafi bai fita daga mafitarsa ba alhali malam ya ce ya fita.

Hajiya Maraɗi:
Sallama daga Maraɗi. Ni ɗiyar ƙanwata ce nake riƙo, shekara 9. Tata ba ruwa ba ce, ƙofa ce. Tun da ɓarayi suka shiga maƙwabta take tashi da dare ta duba sakata da kwaɗo, ta kwanta ta tashi ta koma, na taɓa ƙirgawa sau 14. Da safe za ta lakwal ta buɗe jaka ta duba littattafai ta rufe ta buɗe har ta makara. Abin da ya fi ban tausayi, in za ta fita ɗaki sai ta taɓa bakin ƙofa sau huɗu, in an katse ta ta faro, da na matsa mata ta ce in ba ta yi ba uwarta za ta mutu kuma ita ce sanadi. Yarinya ƙarama ta ɗauko wannan kaya ita kaɗai wata da watanni. Mun kai ta likita nan, lokotoro ya tura mu Yamai sashen ƙwaƙwalwa na babbar likita, yanzu alhamdu lillahi tana barci, taɓa ƙofar bai ɓace duka ba amma ya ragu ƙwarai.

Basakkwace:
Ni dai abin da ni sani waswasi daga Shaiɗan shi ke, Allah da kansa ya faɗi cikin Suratun Nasi. Yanzu ku ce a kai yaro wurin likitan mahaukata don Shaiɗan na yi mai raɗa? Wanga aikin malamai na, a ci gaba da rukiyya a sake malami in na farko bai dace ba.

Malamin Islamiyya:
Ɗan uwa Basakkwace, babu mai musun ayar, amma bari in faɗi abin da malaman fiƙihu suka ce don su ma sun san masu irin wannan larura tun tuni, har suna suka ba su, mustankihi, wato wanda shakka ke zuwar masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini. A mazhabarmu ta Malikiyya mai lafiya in ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye zai sake, amma shi mustankihi an ɗauke masa, hukuncinsa ya yi watsi da shakkar ya wuce. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san inda aka ce mai waswasi ya bar waswasin, kar ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi ba'adi kawai, Risala ma haka ta ce. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, an kai wa Annabi SAW ƙarar mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita masa a salla, ya ce kar ya fita sai ya ji sauti ko ya ji wari. Shi kansa SAW da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, mudun Annabi kuwa cikin tafi biyu ne, ko rabin butar yanzu bai kai ba. Wanke gaɓa iyakarsa uku, ƙari a kai ba lada ba ne. Saboda haka yaron nan alwalarsa ta farko ta yi, sallarsa da kabbarar farko ta ƙullu.

Amma ga inda nake so mu yi wa kanmu adalci. Shekara 16 ina koyarwa, na ga yaran da na karanta musu duk wannan suka gane sarai, suna iya maimaita min da bakinsu, gobe kuma ka same su a bakin famfo suna sakewa. Ashe ba ilimin ne ya yi musu ƙaranci ba. Wanda zazzaɓi ya kama muna yi masa addu'a muna kuma kai shi asibiti, ban ga abin da ya raba wannan da wancan ba. Kuma mu malamai mu ji tsoron Allah a yadda muke karantar da babin tsarki ga yara, wani ya tsaya gaban 'yan shekara takwas ya ce ɗigon fitsari ɗaya zai kai ka wuta ya tafi bai faɗi sauƙin da ke cikin addinin ba, yara arba'in za su manta kafin la'asar, ɗaya kuma ya tafi da ita gida ta hana shi barci.

Ɓoyayyen mamba:
Na ɓoye sunana don ko matata ba ta san wannan ba. Ni nawa ba wanda ya taɓa gani don ba na wanke komai ba na duba komai. Ina shekara 12 wata rana ina cikin salla sai wata mummunar kalma game da Allah ta faɗo min a rai, kalmar da ko a bakin wuƙa ba zan furta ba. Na sallame jikina na rawa na ce shi ke nan na kafirta. Daga ranar kullum sai ta dawo, ina ƙoƙarin korarta tana ƙara zuwa, sai na koma yin kalmar shahada a zuci, da farko sau uku, ya koma sau bakwai, ya koma in na yi kuskuren ƙirge sai na faro, ina aji malam na bayani ni ina can ina sake shiga Musulunci. Daga na ɗaya na biyu na koma na ashirin da wani abu, aka yi ta dukana wai na lalace na bi abokan banza. Daga baya wani ya ƙaru, in na ga wuƙa a kicin sai hoton na soki ƙanina ya zo min, yaron da na fi so a duniya, na daina zama ɗaki ɗaya da shi, Innarmu har ta rasu tana ganin kamar ba na ƙaunarsa ne. Shekara tara ina cikin wannan ni kaɗai, wa zan faɗa wa? A gidanmu ka buɗe baki ka ce zuciyata tana zagin Allah? Sai da na shiga jami'a na ji wani likita yana bayani a rediyo, na zauna a bakin gado na yi kuka kamar ƙaramin yaro don ban taɓa sanin akwai wani mai irin nawa ba. Na je asibiti, yanzu shekarata 30 da 'ya'ya biyu, tunanin yakan zo jefi-jefi in bar shi ya wuce abinsa. Iyaye don Allah yaron da ya yi shiru ya rame karatunsa ya faɗi, ko yake yawan zuwa yana cewa na yi tunani mara kyau ki yafe min, ku zaunar da shi ku ce duk abin da ya faɗa ba za a dake shi ba.

Malamin Islamiyya:
Allahu akbar. Ɗan uwa wlh na karanta naka idona ya kawo ruwa. Sahabbai da kansu sun zo wa Annabi SAW suka ce muna jin abu a ranmu wanda ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi, ya ce kun same shi? suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani, yana cikin Muslim. Ƙin da kake yi wa tunanin shi ne shaidar imaninka. Kuma ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko su furta. Da a ce wani ya gaya maka wannan kana ɗan 12.

Dakta:
Na gode da ka faɗa, wannan shi ne nau'in da ya fi ɓuya kuma ya fi cin yaro. Ga iyayen da za su tsorata da batun wuƙar, mai wannan ciwo tsoron tunanin yake yi, gudun wuƙar yake, ba sha'awar aikatawa ba ce, shi ya sa ya ƙaurace wa ƙaninsa. Wasu na zuwar musu ta hotunan batsa da suke ƙyama, su ma haka ne. Kuma yaro ɗaya yakan haɗa nau'i biyu uku, ko bana wanki baɗi ya koma duba ƙofa.

Maman Abba:
Innalillahi, jikina ya yi sanyi. Na gode muku duka wlh. To Dakta ni yanzu me zan yi, don ni duk tambayar da ya yi ina amsa masa, har wanki daban nake yi masa, tabarmar ma na naɗe na ɓoye, wani lokacin in tsaya a kansa ina cewa ka wanke ka wanke don ya yarda. Kuskure nake yi?

Dakta:
Maman Abba duk uwa abin da za ta yi ke nan, kar ki zargi kanki. Sai dai gaskiya amsar da kike ba shi ita ma ta zama kamar sake alwalar, ya ji sanyi minti biyu shakkar ta dawo da ƙarfinta, shi ya sa sau ashirin ba ta isa. Amma kar ki yanke rana ɗaya, a hankali ake janyewa kuma da saninsa.

Maganin da ya fi aiki ana ce masa ERP, horo ne da masanin halayyar ɗan Adam ke yi da yaro da iyayensa. Za a zauna da shi a jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba, shi zai ba kowanne maki. A fara da mai sauƙi, misali ya taɓa gefen tabarmar nan da yatsa ɗaya ya zauna bai wanke ba. Tsoron zai hau, ya ji kamar ba zai iya ba, ana tare da shi ana ƙarfafa shi, can sai ya ga tsoron ya sauko da kansa ba tare da ya wanke ba. Gobe a sake, jibi a ƙara mataki, har a kai ga alwala ɗaya da buta ɗaya ya tashi ko da zuciyarsa na cewa ba ta yi ba. Kun ga daidai yake da abin da Malam ya kawo na yin watsi da shakka, illa dai nan ana koya wa yaro yadda zai iya ne mataki mataki. Bambancinsa da rabin buta da bulalar Ɗan Fagge, a nan yaron ne ya yarda yake yaƙar ciwon ku kuna bayansa, a can kuwa tsoro aka ƙara masa a kan tsoro, sai ya koma yi a ɓoye. Yana taimakawa a raba yaro da ciwon a magana, ki ce waswasin ne ke tambaya ba Abba ba, na amsa sau ɗaya ba zan ƙara amsa masa ba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi. In ciwon ya yi nauyi a haɗa da ƙwaya, akwai binciken da aka buga a Amurka a 2004 kan yara 112 'yan shekara 7 zuwa 17, waɗanda aka haɗa musu horon da ƙwaya su suka fi samun sauƙi.

Ɗan Fagge:
To na ji na janye batun bulala, Allah ya ba yaro lafiya. Amma ƙwayar nan fa? Kar a ɗora yaro kan abin da zai mayar da shi sususu yana dalalar da yawu ko ya kasa rabuwa da ita.

Sista Nas:
Ba irin waccan ba ce da kake gani ana ba masu fisge-fisge. Irin su fluoxetine da sertraline ne, ba sa bugarwa ba sa sa maye, yara na zuwa makaranta da su lafiya lau. Abin da ya kamata a sani ba sa aiki nan take, sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, nan ne mutanenmu ke gajiya su watsar a sati biyu. Farko-farko yakan sa tashin zuciya ko rashin barci, kuma a sa ido sosai a makonnin farko, in yaro ya rikice ko ya fara maganar mutuwa a koma wajen likita a ranar. Ba a dainawa kwatsam, likita ke ragewa. Don Allah kar wanda ya je kemis ya saya don ya ga suna a nan. Wurare kuwa, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Shika a Zariya. In kin je ki tambaya ko akwai mai ganin yara da kuma mai yin ERP ɗin. Batun asibitin mahaukata kuma Basakkwace, ko dokar ƙasa ta bar wannan sunan, tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Maman Sadik:
Dakta nawa daban ne, ɗan shekara 7 lafiyarsa ƙalau ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, bayan ya warke kamar a kwana biyu ya canza gaba ɗaya, wanke hannu, ƙin abinci wai akwai datti, ya dawo fitsarin kwance, rubutunsa ya lalace, ba ya yarda in matsa ko nan da can. Yau kwana goma.

Dakta:
Maman Sadik ki kai shi wajen likitan yara gobe, kar ki jira, ki faɗa masa batun maƙogwaron da yadda abin ya zo dare ɗaya. Akwai wani nau'i da ake kira PANDAS, wata likita a Amurka Susan Swedo da abokan aikinta suka bayyana shi a 1998 a kan yara 50, ana ganin garkuwar jiki ce da ta tashi yaƙar ƙwayar cutar maƙogwaro take taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Likitoci ba su gama haɗa baki a kansa ba kuma ba shi da yawa, amma wannan ƙwayar cutar ita ce dai ke jawo ciwon da ke lalata ƙofofin zuciyar yara, wanda muke gani da yawa a nan, don haka a duba maƙogwaron da zuciyar da yadda yake motsa hannuwa.

Basakkwace:
To Allah shi ba su lafiya baki ɗai. Ni dai kar a bar addu'a.

Ummu Hanan:
Ba wanda ya ce a bari ai, a haɗa duka. Maman Abba muna jiran labari.

Maman Abba:
Salam 'yan uwa na dawo, yau sati uku. Na ba babansa wayar ya karanta da kansa tun daga sama, da ya zo kan na ɓoyayyen mamba ya daɗe bai ce komai ba, da daddare ya kira yaron ya ba shi haƙuri kan dukan. Mun je asibiti, likita ta daɗe da shi ita kaɗai, ashe ban da alwalar akwai tunanin da yake ɓoyewa kusan irin wanda ɗan uwan nan ya faɗa, shekara guda yana ɗauke da shi ban sani ba ina kwana gida ɗaya da shi. Ta ce a fara da horon tukuna ba ƙwaya, mun yi zama biyu. Malaminsu na Islamiyya ma babansa ya same shi ya zaunar da yaron ya karanta masa hukuncin mustankihi. Tambayar najasa mun yi yarjejeniya sau biyar a yini, shi yake riƙe da lissafin a takarda, jiya huɗu ya yi. Alwala har yanzu tana kai minti 25, ranar Talata ma ya koma kusan 40 ya yi kuka, likita ta ce haka abin yake yana hawa yana sauka. Kakarsa ba ta yarda ba har yanzu tana aiko da rubutu, muna karɓa yana sha. Tabarmar na fito da ita na shimfiɗa a tsakar gida, bai hau ba tukuna, ita ce ta shida a jerin da suka rubuta, yanzu suna kan ta biyu. Maman Sadik ya jikin naki yaron, kun samu ganin likitan?